Yaƙin da Ba Shi da Wakili: Jarida, Takunkumi da Farfaganda a Dajin Birnin Gwari

 

An nemi in yi magana a kan tarihin wakilan jarida a fagen yaƙi, da yadda hukumomi ke tace labari, da yadda masu faɗa ke sarrafa shi don amfanin kansu. Na ga bai kamata in tsaya a Birnin Gwari in yi ta ba ku labarin Turai kaɗai ba, alhali ku da kanku kun shafe fiye da shekara 10 cikin yaƙi. Abin da na zo da shi guda ne. An yi yaƙi a dajin nan, an rasa rayuka, an tashi garuruwa, amma yaƙin bai samu wanda ya tsaya ya rubuta shi yadda ya kamata ba. In ba mu tashi mun rubuta shi yanzu ba, waɗanda suka yi shi da waɗanda suka kasa hana shi su za su rubuta mana.

Bari mu fara da inda sana'ar ta samo asali. A 1854 jaridar The Times ta Landan ta tura wani ɗan Ailan, William Howard Russell, ya bi rundunar Ingila zuwa yaƙin Kirimiya da ake yi da Rasha. Kafin lokacin, yawancin labarin yaƙi daga takardun kwamandoji yake fitowa, kuma kwamanda ba ya rubuta cewa ya yi sakaci. Russell ya zauna cikin sansani ya ga sojoji na mutuwa da kwalara da sanyi da yunwa fiye da yadda harsashi ke kashe su, ya rubuta haka. Rahotanninsa da na abokin aikinsa da ke Istanbul sun tayar da hankalin jama'a, aka tara gudummawa, Florence Nightingale ta tafi da ma'aikatan jinya, kuma a farkon 1855 gwamnatin Lord Aberdeen ta faɗi. Babban kwamandan, Lord Raglan, ya yi ƙorafin cewa rubutun 'yan jarida na taimakon abokan gaba, kuma a 1856 rundunar ta fitar da doka ta hana buga duk abin da zai amfani maƙiyi. Ku lura, tun daga yaƙin farko da aka samu wakili na gaske, aka samu hujjar da har yau ake rufe bakin ɗan jarida da ita.

Da Yaƙin Duniya na Farko ya zo, hukumomi sun koyi darasi. Da farko Lord Kitchener ya hana 'yan jarida zuwa bakin daga. A 1915 aka zaɓi 'yan kaɗan, aka sa musu kaki, aka ba su masauki da mota da jami'in da zai karanta duk abin da suka rubuta kafin a aika. Ranar 1 ga Yuli 1916, ranar farko ta gumurzun kogin Som a Faransa, an kashe sojojin Birtaniya fiye da 19,000, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunata suka haura 57,000. Jaridun gida suka ba da labarin ranar a matsayin ranar ci gaba da nasara. Bayan yaƙi aka ba wasu daga cikin wakilan lambar girmamawa ta sarauta. Wannan dabara ta ciyar da ɗan jarida a kai shi inda ake so ya gani ita Amurka ta sabunta a Iraƙi a 2003, bayan ta ga abin da 'yancin wakilai ya jawo mata a Biyetnam.

A ƙasarmu labarin ya ɗauki wata hanya. Lokacin da Turawa suka ci Kano a Fabrairu 1903 da Sakkwato a Maris, labarin da ya isa Landan daga alƙalamin Gwamna Lugga da hafsoshinsa ya fito, kuma matar Luggan, Flora Shaw, ta taɓa riƙe shafin ƙasashen mulkin mallaka a jaridar The Times ɗin nan. Wanda ya ci yaƙin shi ya ba da labarinsa. Ɗaruruwan da suka kwanta dama tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a Yuli 1903, da kimanin mutum 2,000 da aka kashe a Satiru a 1906, sun shiga takardun Turawa a matsayin adadi, kuma sunayen mafi yawansu sun tafi ke nan.

Sai a Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana dab da Yaƙin Duniya na Biyu, kuma cikin dalilan kafa ta akwai kashe jita-jitar da ke yawo game da Jamus. Editanta na Hausa, Malam Abubakar Imam, maƙwabcinku ne, haifaffen Kagara. Jaridar ta yi wa gwamnati aikin yaƙi, ta zuga matasa shiga soja, ta ba da labarin 'yan Arewa da ke yaƙi a ƙasar Bama yadda hukuma ta yarda a ba da shi. Amma Imam ya buɗe ƙofar wasiƙun masu karatu, mutanen ƙauye da birni suka fara rubuto kokensu da harshensu, kuma da ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ya gana da Lugga ya faɗa masa matsalolin mulkin Arewa. Ina ganin wannan shi ne gadon da ya fi dacewa mu riƙe daga gare shi, cewa ko a jaridar hukuma ana iya yi wa talaka wurin magana.

Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 zan ratsa shi da sauri. Biyafara ta ɗauki hayar kamfanin Markpress na Janiba yana yaɗa mata labari a Turai, gwamnatin tarayya kuma tana da Rediyon Kaduna da sauran kafafenta. Hotunan yara masu yunwa gaskiya ne, kuma an yi farfaganda da su. Kisan ɗaruruwan fararen hula a Asaba a Oktoba 1967 shi ma gaskiya ne, kuma an daɗe ba a yarda a yi maganarsa ba.

Yanzu mu dawo gida.

Tsakanin nan da Kaduna kimanin kilomita 120 ne. A shekarun da hanyar ta zama abin da ta zama, daga Buruku zuwa Udawa zuwa nan, ɗan jaridar da ke Kaduna ya fi sauƙin zuwa Legas da ya zo Birnin Gwari, balle Randagi ko Kuyello ko Damari ko Dogon Dawa. Kafafen yaɗa labaranmu ba su da inshorar ma'aikaci, ba su da kuɗin fansa in an sace shi, wasu ko albashi ba sa biya a kan kari. Kuma kowa na tuna Zakariyya Isa na NTA da aka harbe a Maiduguri a 2011 da Enenche Akogwu na Channels da aka kashe a Kano a Janairu 2012. Saboda haka labarin dajin Kamuku da Kuyambana ya riƙa isa duniya ta baki uku.

Baki na farko sanarwar hukuma ce. Duk kun san kalamanta: an yi luguden wuta a maɓoyar 'yan bindiga, an hallaka da dama, saura sun tsere da raunuka. Wani lokaci haka ɗin ne ya faru, kuma sojoji sun ba da rayukansu a nan, kamar 11 da aka kashe a Kamfanin Doka a Maris 2018, Allah Ya jiƙansu. Matsalar ita ce babu wani mai zaman kansa da ya je ya gani. Mu 'yan jarida muka riƙa karɓar takarda muna sauya mata kanu muna bugawa, muna kiran abin rahoto. Zan yi adalci a nan, gwamnatin Kaduna ta yi abin da jihohi da yawa ba su yi ba, domin ma'aikatar tsaron cikin gida ƙarƙashin Samuel Aruwan, wanda shi ma tsohon ɗan jarida ne, ta riƙa fitar da ƙididdiga. Ta ce a 2020 an kashe mutum 937 an sace 1,972 a jihar, a 2021 kuma an kashe 1,192 an sace 3,348, kuma kaso mafi girma daga shiyyar tsakiya ne, inda Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun suke. Wannan abin yabo ne. Amma ƙididdigar abin da aka kai rahotonsa ce, kuma ku kun san gawawwaki nawa aka binne a daji ba a sanar da kowa ba.

Baki na biyu na 'yan bindigar ne da kansu. Sun gane amfanin waya da wuri. Muryoyinsu sun yi ta yawo a WhatsApp, bidiyonsu a Facebook da TikTok, suna nuna makamai da damin kuɗi. Bidiyon fasinjojin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka sace ranar 28 ga Maris 2022 an ɗauke su ne don a karya zuciyar iyalai a matsa wa gwamnati, kuma duk wanda ya tura wa wani ya yi wa masu garkuwar aiki kyauta. A gabashin masarautar nan 'yan Ansaru suka zo da salo mafi haɗari, da wa'azi da rabon kyauta da alkawarin kare mutane daga ɓarayin daji, har suka kai ga hana harkokin siyasa a wasu garuruwa a 2022. Farfagandar da ta zo da buhun abinci ga mutumin da hukuma ta manta da shi tana da wuyar karyawa.

Baki na uku naku ne, kuma shi na fi girmamawa. Direban da ya iso tasha ya ce kada a bi hanya yau. Ɗan sa-kai da ya ƙirga gawawwaki kafin a yi musu sutura. Ma'aikacin asibiti da ya san masu rauni nawa aka kawo. Ƙungiyar ci gaban masarauta, BEPU, wadda shugabanninta, irin su Ishaq Usman Kasai, suka riƙa fitar da sanarwa da sunan gari da rana da adadi a lokacin da hakan na iya jawo wa mutum mutuwa. Da Ɗanmasanin Birnin Gwari, Alhaji Zubairu Abdurra'uf, wanda ya fito fili ya faɗi harajin miliyoyin naira da manoma ke biya kafin su shiga gonakinsu. Waɗannan su ne wakilan yaƙin Birnin Gwari, ko da ba wanda ya ba su katin aiki. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shin faɗin labarin yana da amfani? Ku tuna harin Gwaska, ranar 5 ga Mayu 2018. 'Yan sanda suka tabbatar da gawa 45, mutanen yankin suka ce adadin ya zarce haka. Hotunan suka fita, kafafen duniya suka ɗauka, cikin kwanaki gwamnatin tarayya ta amince a kafa bataliyar soja a Birnin Gwari. Ba ta kawo ƙarshen kisa ba, amma da Gwaska ta mutu shiru ko wannan ba za a samu ba.

Ku gwada wannan da ƙarshen Satumba 2021, lokacin da aka katse sabis ɗin waya a wannan yanki, bayan an yi haka a Zamfara a farkon watan, aka haɗa da hana hawa babur da rufe kasuwannin mako. Hujjar ita ce a raba 'yan bindiga da infoma, kuma hujja ce mai ma'ana, domin infoma sun cuci ƙasar nan. Sai dai kusan wata biyu, har zuwa ƙarshen Nuwamba, wanda aka kai wa hari ba shi da hanyar kiran ɗauki, wanda ke Kaduna bai san ko mahaifiyarsa na raye ba, ɗan jarida kuma ba shi da wanda zai tambaya in ba mai sanarwa ba. Labarin hare-hare ya ragu a jaridu. Ku da kuka zauna cikin abin, ku ne za ku faɗa ko harin ne ya ragu ko labarinsa, kuma shaidarku a kan waɗannan makonni tana cikin abin da ya wajaba a rubuta.

Takunkumin bai tsaya nan ba. A Janairu 2019 sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja saboda labarin shirin ƙwato Baga. A Yuli 2021 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta rubuta wa tashoshi ta ce su daina zayyana bayanan hare-hare. A 2022 Trust TV ta nuna shirin da aka shiga daji aka yi hira da Bello Turji, BBC kuma ta fitar da nata wanda Yusuf Anka ya jagoranta a Zamfara. Ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya ce an ɗaukaka ta'addanci, kuma a Agusta aka ci Trust TV tarar naira miliyan 5, aka ci kamfanonin da suka haska shirin BBC irin wannan tara. A Mayu 2023 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce NBC ba kotu ba ce, ba ta da hurumin cin tara. A maƙwabciyarmu Nijar ma, an dakatar da RFI a Agusta 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024 saboda rahoton wani hari.

Na san cikinku akwai wanda ke cewa a ransa, to malam, ai su ma masu hanin suna da gaskiya. Suna da ita a wani wuri, kuma ba zan ɓoye ba. Wanda ya buga ranar da soja za su fita da hanyar da za su bi ya sa hannu a jininsu. Wanda ya miƙa wa ɗan bindiga makirufo ya bar shi yana alfahari ba tare da ya tambaye shi matan da ya mayar zawarawa ba, ya zama kakakinsa. Malamanmu da ke nan sun fi ni sanin cewa aya ta 83 ta Suratun Nisa'i ta yi gargaɗi a kan gaggawar yaɗa labarin tsaro da tsoro, aya ta 6 ta Suratul Hujurati kuma ta umarci a bincika labari kafin a yi aiki da shi. Na karɓi duka biyun. Amma akwai bambanci tsakanin sirrin abin da za a yi gobe da ɓoye abin da ya riga ya faru jiya. Ɗan bindiga ya san mutum nawa ya kashe, yana wurin. In aka ɓoye adadin, talaka da mai zaɓe da ɗan majalisa aka ɓoye wa, kuma mai riƙe da muƙami aka kare.

Tudun Biri ta isa misali. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi ya jefa bam kan masu Mauludi a ƙaramar hukumar Igabi. Rundunar sojan sama ta ce ba ita ba ce, daga baya rundunar sojan ƙasa ta amsa cewa nata ne, kuma hukumar agajin gaggawa ta ce an binne aƙalla mutum 85. Abin da ya hana a ce 'yan bindiga aka kashe shi ne mutanen gari sun yi magana, an ɗauki hoto, 'yan jarida sun isa asibitin Barau Dikko sun ga yara. Tudun Biri na kusa da Kaduna. Ku tambayi kanku abin da ke faruwa in irin wannan ya auku can cikin Kuyambana.

Mu ma da namu laifin, kuma Kuriga ta nuna shi. Ranar 7 ga Maris 2024 aka sace ɗalibai a can, kan hanyar nan taku, duniya duka ta ɗauki adadin 287. Da aka sako su bayan mako biyu da 'yan kwanaki, hukuma ta ce 137 ne, kuma su ke nan. Adadin farko an faɗe shi cikin ruɗani, mu kuma muka yi ta maimaitawa ba mu nemi rajistar makaranta ba. Duk lokacin da muka yi haka muna ba mai son ƙaryata mu makami. Laifi na biyu ya fi wannan nauyi. Mun ba da labarin ƙauyukan da aka ƙona, amma rugagen da aka ƙona, da Fulanin da aka tare a hanyar kasuwa aka kashe ba tare da shari'a ba, da shanun da aka kwashe wa makiyayin da bai taɓa riƙe bindiga ba, waɗannan da wuya suka shiga jarida. 'Yan bindiga kuwa da wannan shirun suka riƙa jan yara zuwa daji. Faɗin haka bai wanke ɗan ta'adda ko ɗaya ba, kuma tarihin da ya bar rabin mamata a waje ba zai hana a sake ba.

A ƙarshen Nuwamba 2024 Gwamna Uba Sani ya zo garin nan ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka buɗe karar shanu da ta daɗe a rufe, motoci suka dawo hanya, manoma suka koma gonakin da suka bari shekaru. Ina roƙon Allah Ya ɗorar da wannan. Amma zaman lafiya ma yana zuwa da nasa takunkumin, wanda ba hukuma ce ke sa shi ba. Za a ce kada a tono abin da ya wuce don kada a ɓata sulhu. Ni ina ganin sulhun da jama'a ba su san sharuɗɗansa ba, kuma ba a yarda a ambaci waɗanda aka kashe kafin a kai gare shi ba, yana tsaye ne a kan alkawarin mutane ƙalilan. Yafiya hakkin wanda aka zalunta ce, kuma ba ya iya yafe abin da aka hana shi faɗa.

Saboda haka ga roƙona. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni, ku sa a buɗe littafi a kowace gunduma, a rubuta sunan duk wanda aka kashe ko aka sace ko ya ɓace, da garinsu da ranar da abin ya faru, Bahaushe da Bagware da Bafulatani, manomi da makiyayi, soja da ɗan sanda da ɗan sa-kai. Limamai sun san jana'izar da suka sallata, a tambaye su tun suna tunawa. Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kowa ɗaukar nauyin wannan yaƙi, kuma muryarku ce ta fi ƙaranci a cikin abin da aka buga, a samu mata 'yan'uwanku su zauna da ku su ɗauki bayaninku cikin sirri da mutunci, ba tare da an fallasa kowa ba. Ƙannena ɗalibai, wayar da ke hannunku ta isa ɗaukar murya, amma ku koyi tambayar mai ba da labari ko ya gani da idonsa ko ji ya yi, kuma daga wa, ku rubuta rana, ku nemi shaida na biyu kafin ku yarda. 'Yan'uwana 'yan jarida na Kaduna da Abuja, uzurin hanya ya ƙare, ku zo ku kwana a Birnin Gwari, ku shiga Kuyello da Randagi da Gwaska, ku ji daga bakin masu abin.

A ajiye kwafi ɗaya a fadar Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, ɗaya a Gidan Arewa da ke Kaduna inda masu bincike za su same shi. Tsofaffin da suka san farkon wannan fitina suna ta raguwa, don haka a fara aikin a wannan shekara.